Kafin Mu Sayi Na'urar Raba Intanet: Jawabin Kwamiti Ga Taron Reshe

 

Malam Shugaban reshe, Malam Sakatare, iyayenmu tsofaffin malamai da suka ajiye alli amma ba su daina zuwa taronmu ba, shugabannin makarantu, 'yan uwa malamai maza da mata, muna yi muku barka da zuwa. Waɗanda suka taso daga ƙauyuka a kan babur, sannunku da hanya.

A zaman da ya gabata an ɗora mana nauyi, mu uku, mu binciko maganar na'urar raba intanet, wadda 'yan kasuwa ke kira rawuta, ƙaramar kuma su ce mata maifai. Dalili shi ne asusunmu na taimakon kai da kai yana son ya sayo ta da yawa ya raba wa masu buƙata, a riƙa biya kaɗan-kaɗan a ƙarshen wata. Mun karɓi aikin muna zaton na mako guda ne, sai ga shi ya cinye mana kusan zangon karatu. Za mu faɗi ƙarshen maganar tun da farko, don kada mu ja muku rai: ba mu goyi bayan a sayo iri ɗaya a raba wa kowa ba. Mun san wannan ba zai yi wa wasu daɗi ba, musamman waɗanda suka riga suka yi wa yara alkawari. Muna roƙon a saurari hujjojinmu.

Buƙatar dai ba abin musu ba ce. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma ɗanmu da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai zauna kusa da ɗan birni da ya tashi da ita. Jarrabawar ƙwarewa ta hukumar rajistar malamai, wato TRCN, ita ma a kwamfuta ake yin ta. Da yawa cikinmu suna ƙarin karatu a cibiyoyin NTI ko Buɗaɗɗiyar Jami'a, wasu suna zirga-zirga zuwa kwaleji a Bichi ko Kumbotso, kuma takardun darasi yanzu ta waya suke zuwa. Ba mu manta da 2020 ba, lokacin da annoba ta rufe makarantu, muka zauna a gida muna jin darasi a rediyo. To amma aljihunmu ma mun san shi. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano Naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Malamin da ya ci bashi ya sayi abin da bai yi masa aiki ba, zai yi watanni yana biyan kuɗin kayan da ke kwance a cikin kwalla.

Abu na farko da muka gane, bayan mun sha wahala, shi ne wannan na'ura ba ta ƙirƙirar sabis. Aikinta biyu ne: ta kamo sabis daga ƙarfen kamfani ta hanyar sim ɗin da ke cikinta, sannan ta watsa shi ga wayoyin gida ta waifai. Kamar mai garuwa take. In rijiya ta ƙafe, ƙarfin kafaɗarsa ba zai kawo ruwa ba. Ɗaya daga cikinmu, wanda ba za mu nuna shi da yatsa ba ko da yake yana zaune a nan yana murmushi, ya je birni bara ya sayo wata kyakkyawa. A shagon aka gwada masa, bidiyo na tafiya kamar ruwa. Da ya iso gida, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Dambatta zuwa Kazaure, sai fitilar ta koma ja, ta ƙi canzawa. Na'urar lafiyarta ƙalau. Layin da aka ɗaure ta da shi ne ba ya kaiwa unguwarsu da ƙarfin 4G. Cinikin biri a sama ke nan.

Saboda haka zaɓen layi shi ne gaba, na'ura tana biye. Kuma a irin ƙasarmu, inda gida ke bin gida, gona ke bin gona, ƙauye bai gama ƙarewa ba wani ya fara, mutum zai ɗauka sabis ɗin ɗaya ne ko'ina. Ba haka muka tarar ba. Mun ari wayoyi masu layukan MTN, Airtel, Glo da 9mobile, wanda aka sake wa suna T2 a 2025, muka zaga gidajen malamai a sassa daban-daban na ƙaramar hukuma. Layin da ya yi zarra a wannan unguwa, a unguwar da ke bayan kwari sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ba za mu ambaci wanda ya fi ba, domin babu wanda ya fi a ko'ina. Shawararmu ita ce kowa ya yi wannan gwajin a gidansa: ya ari wayar maƙwabci ko ta ɗan uwa, ya duba ko alamar 4G ko LTE ta fito ta kuma tsaya, ya buɗe bidiyon darasi ya ga ko zai tafi ba tsinkewa. A gwada da hantsi, a sake gwadawa bayan isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau waya, domin ƙarfen sabis ɗaya ake rabawa. Wanda ke kusa da garin Dambatta ya gwada ranar Lahadi ma, sa'ad da kasuwa ta cika. Gwajin safiya kaɗai yaudara ne.

In an san layi, sai a zo ga tambayar ɗaurarriya ko sakakkiya. Wadda kamfanin waya ke sayarwa da tambarinsa yawanci ta fi araha, wani lokaci har da kyautar data, amma sim ɗinsa kaɗai take karɓa. Sakakkiya ta fi tsada, tana kuma karɓar kowane layi. Ga wanda ke zaune a gidan gado, layi ɗaya ya daɗe yana yi masa aiki, ɗaurarriya ba laifi. Amma mu malamai ne, takarda guda daga ofishin ilimi za ta iya ɗauke mutum daga wannan makaranta zuwa wata mai nisan kilomita ashirin. Wanda bai san inda zai wayi gari baɗi ba, ya ƙara kuɗi ya sayi sakakkiya. Masu gyaran waya suna cewa za su iya kwance ɗaurarriya. Wani lokaci su dace, wani lokaci na'urar ta mutu a hannunsu, garanti kuma ya tafi.

Akwai wata magana ta fasaha da za mu taɓa a taƙaice, don tana da amfani ga mutumin karkara. Sabis yana tafiya ne a kan zango-zango na iska, ana rubuta su da lambobi a jikin kwali: 700, 800, 1800, 2600. Masu ƙananan lambobi sun fi nisan tafiya, sun kuma fi ratsa bango. Glo yana amfani da 700, MTN yana da 800. Na'urar gwanjo da aka ƙera don kasuwar wata ƙasa, irin su Amurka, tana iya rasa zangon da kamfanoninmu ke amfani da shi, ta zama ado kawai. A karanta kwali kafin a miƙa kuɗi. Batun 5G kuwa, MTN ya fara shi a 2022 kuma birnin Kano na cikin biranen farko, amma a gidajen da muka zaga ba mu gan shi ba. Na'urarsa ta ninka ta 4G kuɗi. Ba mu ga dalilin da malamin ƙauye zai saye ta yanzu ba.

Sai wuta. A nan ne aka fi raba gari tsakanin nau'i biyun. Ƙaramar ta aljihu tana da batir a cikinta, tana yin sa'o'i kafin ta nemi caji, ana kuma iya jona ta da fawa banki. Babbar ta kan tebur ta fi kama sabis, don eriyarta ta fi girma, wasu ma suna da wurin jona eriyar waje da za a ɗaura a kan sanda a saman rufi. Sai dai da yawansu ba su da batir. Wutar Nepa na ɗaukewa, su ma sun ɗauke. Wutar da suke ci kaɗan ce, ba ta wuce ta ƙaramin ƙwan lantarki na zamani ba, don haka mai 'yar sola a gida ba shi da damuwa. Wanda ba shi da ita, ya tambayi mai shago tun a wurin: volt nawa take ci, 5 ko 12? Mai 5 za ta yi aiki da fawa banki kai tsaye, mai 12 sai an nemo mata waya ta musamman ko ƙaramin batir nata. Kuma a ji tsoron zafi. A watannin bazara, a ɗakin kwano, batirin da aka bari a caji dare da rana kumbura yake yi. Mun ga guda biyu da murfinsu ya ɗage. In ya kumbura a cire shi, kada a ce za a lallaɓa.

Ginin gidajenmu shi ma yana da ta cewa. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye waifai, kwanon rufi kuma yana mayar da shi baya. Wanda ya sa na'ura a ƙuryar ɗaki, a ƙarƙashin gado don tsoron ɓarawo, ya kashe rabin ƙarfinta. Wurinta shi ne sama, kusa da taga, ta ɓangaren da ƙarfen sabis yake. In tana da zango biyu na waifai, 2.4 da 5, a gidan ƙasa a zaɓi 2.4, shi ya fi tsallaka bango. A nan za mu yi wata magana da ba ta cikin kwali. A gidan da ke da uwargida da amarya, inda aka ajiye na'ura magana ce. Wani abokin aikinmu ya rataya tasa a ɗakin da ya fi sabis, ba da wata manufa ba, sai da ya yi mako yana bayani. Daga baya ya mayar da ita rumfar tsakar gida, aka zauna lafiya. Malamanmu mata sun ƙara mana da cewa in maigida ya sa ta aljihu ya fita da ita, to gida ya koma duhu har ya dawo. Ba na'urar gida ba ce ke nan, tasa ce shi kaɗai. Gaskiya suka faɗa.

Yanzu ga inda kuɗin gaske yake. Sayen na'ura sau ɗaya ne, ciyar da ita kowane wata. Wayoyin zamani suna ɗaukar waifai a matsayin kyauta: da zarar sun hau, sai su shiga sabunta manhajoji, su kwashe hotuna su tura ma'ajiyar intanet, WhatsApp ya sauko da duk bidiyon da aka watsa a zaurukan dangi. A gidan ɗayanmu datar da aka saya don wata guda ba ta kai kwana goma ba, alhali ba wanda ya yi karatun kirki da ita. A shiga kowace waya a kashe sabuntawar kai tsaye, a hana bidiyo sauka da kansa, a rage ingancin hoton YouTube; darasin lissafi ba ya buƙatar a ga gashin gemun malami. Lambar *323# tana nuna ragowar data a kowane layi, *312# kuma ta saye ce, tun da NCC ta daidaita lambobin a 2023. Wanda aka zalunta ya fara kai kuka ga kamfani, in ba a share masa hawaye ba akwai lambar 622 ta hukumar, kyauta ce.

Kalmar sirri kuwa, wadda aka rubuta a bayan na'ura a canza ta ranar farko, haka ma ta shiga shafin sarrafa ta, wadda galibi ba a ko ɓoye ta ba. Mun san nauyin da ke nan. Katangarmu ɗaya da maƙwabci, waifai kuma ba ya sanin iyaka. Ɗan maƙwabci zai yi sallama ya ce zai duba sakamakon jarrabawa, ba yadda za a yi a hana shi, kuma bai kamata a hana ba. Amma kalmar da aka ba yaro ɗaya da la'asar, kafin magariba ta zagaye dandali. Abin da muka ga ya fi shi ne a karɓi wayarsa a shigar masa da hannu, in ya gama a cire. Gidaje biyu ko uku da ke jingine da juna kuma za su iya haɗa kuɗi a fili, kowa ya san rabonsa, ya fi a yi ta zargin juna a ɓoye. Shafin sarrafawa yana nuna wayoyi nawa ne a kai, ana kuma iya korar baƙuwa.

Na yaranmu na cikin gida ya fi wannan nauyi. Mu da muke tsawata wa 'ya'yan mutane a aji, kada mu kawo ƙofar da ba mu iya rufewa. Na'urar ta kwana a hannun babba, a kashe ta in dare ya yi, karatun yara da waya ya zama a tsakar gida inda ido ke gani. Sim ɗin kuma kowa ya yi masa rajista da sunansa da lambarsa ta NIN. Kada a sayi wanda aka riga aka yi wa rajista, domin ba a san abin da aka aikata da shi ba.

Akwai kuma waɗanda, a ganinmu, ba sa buƙatar sayen komai. Malamin da shi kaɗai ke amfani da intanet, ko shi da yaro guda mai shirin JAMB, wayarsa tana iya raba data ga wata waya ko kwamfuta. Batir zai sha wuya, wayar za ta yi zafi, amma ya ajiye kuɗinsa ya sayi taki.

Abin da muke gabatarwa ga taro shi ne: asusu ya ba da rancen kuɗi maimakon kaya, kuma kada a ba kowa sai ya kawo bayanin gwajin da ya yi a gidansa, wane layi, wane lokaci. Waɗanda buƙatarsu ta zo ɗaya a haɗa su, a tura mutum biyu Kasuwar Farm Centre ko ofishin kamfani a birni, su yi ciniki a dunƙule, su karɓo rasit, su kuma yi sharaɗin musanya in na'ura ta ƙi aiki a gida. Mun zo da guda biyu, ƙarama da babba, na aro ne daga 'yan uwa. Duk mai so ya rubuta sunansa wurin Malam Sakatare, ya tafi da ɗaya ta kwana biyu a gidansa kafin ya yanke shawara.

 Malam Shugaba, mun mayar da magana gare ka.