HUKUNCIN WANDA YA SAYI GIDA DA ƊAN HAYA A CIKI

Jawabin da aka gabatar a wajen wa'azi a garin Tambuwal



Ya 'yan uwa Musulmi, wani ɗan uwa daga Kebbe ya aiko mana da tambaya. Ya sayi gida a nan Tambuwal a watan Rajab, sai ya tarar da malamin firamare a ciki, wanda ya biya hayar shekara tun watan Muharram. Shin yana da ikon ya fitar da shi?

Amsa ita ce, ba shi da wannan iko. Haya ƙulla alkawari ce, kuma Allah Ya umurce mu da cika alkawari a ayar farko ta Suratul Ma'ida. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya, kamar Ibnu Juzayy (ya rasu 741 Hijira) cikin Al-Ƙawaninul Fiƙhiyya, sun bayyana hukunci uku.

Na ɗaya, cinikin ya inganta, amma bai warware hayar ba. Malamin nan zai zauna har ƙarshen Zulhajji.

Na biyu, kuɗin hayar watannin da suka rage na mai sayarwa ne. Ba ya halatta mai saye ya shar'anta su zama nasa idan da kuɗi ya saya, domin an shiga musayar kuɗi da kuɗi, ƙofar riba ke nan.

Na uku, idan an ɓoye masa cewa akwai ɗan haya, wannan aibi ne, yana da zaɓi ya haƙura ko ya mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Ashe rigimarsa da mai sayarwa take, ba da ɗan haya ba.

Amma wanda yake zaman wata-wata ba tare da ajali ba, ana iya sallamarsa idan kuɗin da ya biya suka ƙare. Duk da haka a ba shi lokaci ya nemi wani wuri.

Ya kai mai saye, ka ji tsoron Allah! Cire ƙofa, ko kware rufi da damina don a kunyata magidanci gaban iyalinsa, zalunci ne. Ka je ka yi masa sallama, ku zauna gaban shaidu biyu, ku rubuta ranar ƙarewar haya da abin da za a biya bayanta. In an saɓa, ga alƙali.

Kai kuma ɗan haya, gidan amana ne a hannunka. Ajali ya cika, ka sabunta ko ka tashi.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, amin.