Jawabin Shugaban Makaranta a Bikin Yaye Ɗaliban Sakandare a Funtua

 

Mai girma Sarkin Maskan Katsina, Hakimin Funtua, Allah ya ja zamaninka, wakilin Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, wakilin mai girma Kwamishinan Ilimi, Shugaban Ƙaramar Hukuma, malaman addini, shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, iyayenmu mata, ɗalibai, assalamu alaikum.

Alhamdu lillahi, bana mun ga alheri. Yaranmu sun fito da sakamako mai faranta rai a WAEC da NECO, an gyara ɗakin gwaje-gwaje, an sake rufin azuzuwa, ga rijiyar burtsatse da tsofaffin ɗalibai suka haƙa. Allah ya saka.

Ku na baya can, ku ajiye wayoyin nan! Maganar taku ce.

Ranka ya daɗe, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙasar nan noma ya gina ta. Saboda auduga aka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, aka kafa masaƙar Funtua. A 1975 Bankin Duniya ya zaɓi Funtua cikin wuraren farko na shirin bunƙasa noma a Najeriya. A 2024 aka buɗe mana tashar tsandauri. Amma yaronmu zai zana masara a allo, ya lissafa sassanta da Turanci, in ka kai shi gonar mahaifinsa bai san buhu nawa na taki kadada ke ci ba. Tsutsar da ta addabi masara tun 2016, a littafi kawai ya san ta.

Dalili? Gonar makaranta ta zama makiyayar awaki. Ba katanga, ba iri, ba kuɗin huɗa. Wasu ma sun fara ja mana iyaka, sun san kansu, kuma muna da takardun filin. Mai girma wakilin Kwamishina, a isar mana da wannan kuka: a katange gonar, a ware mata kaso a kasafi kafin ruwan farko ya sauka. Ga Samaru nan kusa, inda ake fitar da ingantaccen irin masara da auduga. Motar kai yara kawai muke nema.

Mu kuma mun ɗauki alkawari. Malamin lissafi zai kai aji kasuwar Dandume, su ƙididdige riba da faɗuwa a bakin buhu. Za mu gayyato manoman tumatir na Danja su shigo aji su koyar, domin manomin da ya shekara talatin yana noman rani malami ne.

'Ya'yana masu fita, kada takardar nan ta sa ku raina fartanya. Wanda zai karanci likitanci ya je, wanda zai karanci aikin injiniya ya je, amma ku dawo da abin da zai amfani ƙauyukanku.

Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da yankinmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.