KOKEN JAMA'A DA DOKAR KUƊIN KIRIFTO

 

Maganar da na zo da ita yau amsa ce ga wata tambaya da matasanmu suka sha yi, watau: in mutane suka taru suka sa hannu a takardar koke, ko za su iya sa gwamnati ta sake doka game da kuɗin kirifto? Ga wanda bai sani ba, kuɗin kirifto ba a riƙe shi a hannu, ba kuma wata gwamnati ce ta buga shi ba. Lissafinsa yana cikin kwamfutoci masu yawa da ke haɗe ta intanet. Na farkonsu, Bitcoin, ya fito a 2009. Tambayar tana da nauyi, gama 'yan ƙasar nan da yawa sun zuba jarinsu a ciki, wasu kuma ta nan aka cuce su.

Amsar ita ce koke ba doka ba ne. Yana iya sa hukuma ta saurara, har ta ba da amsa, amma ba ya tilasta mata ta yarda. Domin mu gane haka sosai, bari mu duba abin da ya faru a ƙasashe uku, kana mu komo gida.

A Koriya ta Kudu, ran 11 ga Janairu 2018, Ministan Shari'a, Park Sang-ki, ya ce ana shirya dokar rufe kasuwannin kirifto. A lokacin nan fadar shugaban ƙasar tana da wata ƙa'ida: duk koken da ya sami sa hannun mutum 200,000 cikin kwana 30, wajibi ne wani babban jami'i ya amsa shi. Koken masu ƙin takura wa kirifto ya wuce wannan adadi, aka kuwa amsa shi cikin Fabrairu. Ba a rufe kasuwannin ba. Amma tun ran 30 ga Janairu aka hana ciniki sai da asusun banki mai ɗauke da sunan mutum na gaskiya, aka kuma fid da yara daga harkar. Masu koke sun tsira daga hani, ba su tsira daga ƙa'ida ba.

A Amurka kuwa, cikin Agusta 2021, an sa wani sashe a babbar dokar gina hanyoyi da gadoji, wanda ya ɗora wa dillalan kirifto nauyin kai rahoto ga hukumar haraji. Masu harkar suka ga ma'anar "dillali" ta yi faɗi da yawa, dubban mutane suka yi ta buga waya ga 'yan Majalisar Dattijai. Wasu dattijan suka shirya gyara, amma dokar ta riga ta kai matakin da ba a shigar da gyara sai kowa ya yarda. Mutum ɗaya, Richard Shelby, ya ƙi. Dokar ta wuce yadda take, aka sa mata hannu cikin Nuwamba. Yawan murya bai rinjayi ƙa'idar majalisa ba, domin lokaci ya riga ya ƙure.

A Indiya, Babban Bankin ƙasar ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto cikin Afrilu 2018. Masu harkar suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ran 4 ga Maris 2020 kotu ta soke hanin, bisa ga cewa bankin bai nuna ɓarnar da ta kai a ɗauki mataki mai tsanani haka ba. Can hujja ce ta yi aiki. Amma da gwamnati ta sa harajin kashi 30 cikin 100 a kan ribar kirifto a 2022, mutane da yawa sun sa hannu a koke ta intanet, harajin kuwa ya tabbata.

To, mu komo gida. Ran 5 ga Fabrairu 2021 Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankuna su rufe asusun masu cinikin kirifto. Jama'a suka yi kuka ƙwarai, Majalisar Dattijai ta tattauna batun, ta kira Gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya yi bayani gaban kwamiti. Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, shi ma ya ce tsara harkar ya fi hana ta. Duk da haka umurnin ya zauna kusan shekara uku, mutane suka koma ciniki tsakaninsu kai tsaye, inda idon hukuma ba ya kaiwa sosai. Sai ran 22 ga Disamba 2023 bankin ya janye shi, ya fito da ƙa'idoji, ko da yake bai yarda bankuna su yi cinikin da kansu ba. A cikin Maris 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari, wadda ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Hannayen Jari.

Ba wanda zai ce takardar koke guda ce ta kawo wannan sauyi. Bankin da kansa ya kafa hujja da yadda duniya ta karkata ga tsara harkar, da kuma Dokar Hana Halatta Kuɗin Haram ta 2022. Amma kukan jama'a ya hana a manta da batun, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Saboda haka, duk mai son kokensa ya yi amfani, ya lura da abu uku.

Na fari, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Majalisar Ƙasa ce ke yin doka, dattijai 109 da wakilai 360, kowane zaure kuma yana da kwamitin duba koke-koken jama'a. Ɗan majalisa ne ke gabatar da koke a zaure, don haka a fara da wakilin mazaɓa. In kuwa ƙa'idar banki ce ko ta hannayen jari, sai a rubuta wa hukumar da ta yi ta. In ana ganin hukuma ta wuce ikonta, kotu ce wurin zuwa.

Na biyu, ya san lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan karatu na biyu akan miƙa shirin doka ga kwamiti, kwamiti kuma yakan kira zaman jin ra'ayin jama'a. A nan ne takardar ɗan kasuwa ko ɗalibi ke iya sake kalma a cikin doka. In an yi karatu na uku, gyara ya yi wuya.

Na uku, ya zo da hujja. A rubuta koke cikin ladabi, da suna da sa hannu na gaskiya, a faɗi sashen da ake kuka da shi, da irin cutarwar da yake yi, da abin da ake so a sa a madadinsa. Lalle ne kuma a amsa damuwar hukuma game da zamba da halatta kuɗin haram. Waɗanda suka yi hasarar dukiyarsu da CBEX ta rushe cikin Afrilu 2025 su ma 'yan ƙasa ne, suna da haƙƙin koke a tsananta tsaro. Aikin ɗan majalisa ne ya auna kukan ɓangarorin biyu.

Kada kowa ya karaya don an daɗe ba a biya masa bukata ba. Ku tuna matasan ƙasar nan sun yi shekaru suna bin majalisun tarayya da na jihohi kafin a rage shekarun tsayawa takara a 2018, na Shugaban Ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar da cewa mulki na jama'a ne, ya kuma ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa. Sa hannu mafarin aiki ne. Sauran aikin shi ne bin sawun takardar har a ji inda ta kwana.

Allah ya ba mu zaman lafiya da arziki mai albarka.