Ko Tauraron Ɗan Adam Ya San Iyakar Ruwa a Fadama?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a yankin Mairuwa, cikin ƙaramar hukumar Faskari. Ya ce an yi masa tayin jinginar wata fadama a bakin rafi, mai gonar kuwa ya rantse ruwa bai taɓa hawanta ba. To ɗansa da ke karatu a Zariya ya ce kada ya ba da kuɗi sai an duba hoton tauraron ɗan Adam. Shi ne yake tambaya, shin abin da ke can sama zai san iyakar ruwa fiye da mai gona? Mun sami irin wannan tambaya daga Ƙanƙara da Sabuwa, saboda haka a kasa kunne.

Malam, mun gode da wasiƙa. Da farko dai tauraron nan ba ya duba, bai kuma san gaibu ba. Na'ura ce mai ɗaukar hoto, tana zagaya duniya. Akwai wanda ake kira Landsat, na Amurka, wanda aka harba na farkonsa a 1972. Na yanzu suna shawagi a nisan kilomita 700 da 'yan kai, kowanne kuma yakan dawo kan wuri guda bayan kwana 16. Tun 2008 ake ba da hotunansa kyauta. Nijeriya ma ta harba nata na farko a 2003.

To yaya ake gane iyakar ruwa? A bakin manyan koguna da madatsun ruwa akan kafa wani ƙarfe mai lambobi, ma'aikaci ya riƙa rubuta inda ruwa ya kai kullum. Sai masana su ɗauko hoton wata rana, su duba littafin nan su ga tsayin ruwa a ranar. A misali, ranar da ruwa ke mita 1 ga inda ya tsaya, a ja layi. Ranar da ya kai mita 2 ya cinye gonakin shinkafa, a ja wani layin. Ranar da ya kai mita 3 ya shiga masara har gindin rumbuna. In aka tara hotunan shekaru aka ɗora wannan bisa wancan, sai taswira ta fito: ga inda ruwa ke kwanciya kowace damina, ga inda sai shekarar ruwa mai yawa, ga tudun da bai taɓa hawa ba.

Wani zai ce ai lokacin ambaliya hadari ya rufe sama. Gaskiya ne, Landsat ba ya gani ta cikin gajimare. Amma a 2014 Turawa sun harba wani mai suna Sentinel-1, wanda ke aika sigina ƙasa ya saurari dawowarta, dare ko rana, da hadari ko babu. Ruwan da ya kwanta shafal ba ya mayar masa da siginar, sai wurin ya fito baƙi ƙirin a hoto.

Sai dai fa Malam, ga inda gizo ke saƙa. Ƙasarmu ta kudancin Katsina kan tudu take, daga wajajen Funtuwa ne ma kogin Sakkwato ya samo asali. Rafukanmu ƙanana ne, ruwa yakan taso da dare ya yi ɓarna, kafin azahar ya janye. In tauraro bai bi ta kanmu a wannan rana ba, bai ga komai ba. Kuma ƙwayar hoton Landsat guda ɗaya tana ɗauke da fili mita 30 tsawo da faɗi, ƙaramin rafi yana iya ɓace masa. Yawancin rafukan nan ma ba su da ƙarfen awo. Ashe ke nan in hoto ya nuna ruwa a gonar, to ka yarda. In bai nuna ba, ba hujja ba ce cewa ruwa bai taɓa zuwa ba.

Ga shawarata. Ka bar yaron ya nemo hotunan watan Agusta da Satumba na shekaru da dama, musamman 2012 da 2022 da aka yi babbar ambaliya a Nijeriya. Kai kuma ka taka da ƙafarka, gani ya kori ji. Dubi jikin itatuwa, ruwa yakan bar yayi da laka a inda ya tsaya. Dubi ko akwai sabon yashi a cikin kunya. Ka tambayi dattawa da maƙwabtan gonar, ba mai ita kaɗai ba. Ka kuma nemi malamin gona na KTARDA, ka saurari hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara kafin damina ta kankama.

Ko ta tabbata ruwa na hawa, ba a ce ka gudu ba. Fadamar da ruwa ke kwanciya ita ce ta shinkafa, ita ce kuma ta tumatir da albasa da rani. Abin dai shi ne kuɗin jingina su dace da gaskiyar gonar, a kuma rubuta a gaban shaidu da mai unguwa.

'Yan kasuwa masu gina shagon ajiye hatsi da taki, ku ma da ku nake. A watan Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya hallaka mutane fiye da 40 a Jibiya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowane ƙauye ya sami gada ko dutse a bakin rafi, a riƙa sa alamar iyakar ruwa da fenti, a rubuta shekara. Nan da 'yan shekaru kuna da littafinku, wanda ko masu tauraron za su zo nema.

Malam, da fatan ka gamsu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.