YESU ALMASIHU ƊAN DAWUDA: ALKAWARIN DA BAI FAƊI ƘASA BA

Jawabin da aka gabatar a bikin cikar ikkilisiya shekara 50



A rana irin ta yau akan karanta sunayen waɗanda suka fara sujada a wannan wuri, kowa kuwa yakan kasa kunne ko zai ji sunan mahaifinsa ko na kakarsa. Amma in mai karatu ya buɗe Matiyu sura 1, inda aka jera wane ya haifi wane, sai mu fara hamma. Ni ma haka nake yi, har sai da na je makarantar Littafi Mai Tsarki aka sa mu bi sunayen ɗaya bayan ɗaya mu nemo labarin kowanne. A nan na gane cewa wannan jerin sunaye shaida ce cewa Allah ba ya manta maganarsa. A kan wannan zan yi magana da ku, cikin kashi huɗu.

1. ALKAWARIN

Dawuda ɗan Yesse makiyayi ne daga Baitalami, na kabilar Yahuza. Ya yi sarauta wajen shekara 1,000 kafin haihuwar Almasihu: shekara 7 da wata 6 a Hebron, shekara 33 kuma a Urushalima. Da ya zauna lafiya a fadarsa, sai ya so ya gina wa Allah Haikali. A 2 Sama'ila sura 7 Allah ya aiko annabi Natan ya juya maganar. Ba Dawuda ne zai gina wa Allah gida ba, Allah ne zai kafa wa Dawuda gida, wato zuriya da gadon sarauta wanda ba zai ƙare ba.

Mu da muka san sarauta a ƙasarmu ba ma bukatar dogon bayani. Ba a naɗa mutum sai an tambaya, daga wane gida ya fito? Haka Yahudawa suka riƙe abin. Kalmar Almasihu ma'anarta wanda aka shafa wa mai, yadda ake shafa wa sarki ranar naɗi, kuma dole ya fito daga gidan Dawuda. Gidan nan ba tatsuniya ba ne. A shekarar 1993 masu tonon kayan tarihi sun sami wani dutse a Tel Dan, arewacin Isra'ila, wanda aka rubuta tun ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu, da sunan gidan Dawuda a jikinsa.

2. LOKACIN DA KUJERA TA ZAMA WOFI

Bayan Sulemanu mulki ya rabu biyu. Assuriyawa suka cinye na arewa a wajen 722 kafin haihuwar Almasihu. A 597 Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yekoniya zuwa Babila. A wajen 586 aka ƙone Haikali, aka yanka 'ya'yan sarki Zadakiya a gabansa, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu. Ku karanta ƙarshen Zabura 89 ku ji kukan mai bi wanda ya ga kamar Allah ya warware alkawarinsa.

Duk da haka zuriyar ba ta mutu ba. Ƙarshen 2 Sarakuna ya nuna an fito da Yekoniya daga kurkuku a shekara ta 37 ta bautarsa. An ma tono allunan yumɓu a Babila da ke nuna rabon mai da ake ba shi da 'ya'yansa. Jikansa Zarubabel ya komo Urushalima, amma gwamna ne kawai a ƙarƙashin Farisa, ba sarki ba.

A cikin irin wannan duhu ne maganar annabawa ta riƙe mutane. Ishaya sura 11 ya kwatanta gidan Yesse da itacen da aka sare, kututturensa kuwa ya sāke toho. Duk manomi a nan ya san yadda kututture yake tohowa in damina ta sauka. Mika sura 5 ya ambaci Baitalami, ƙaramin gari, a matsayin inda mai mulkin zai fito. Irmiya sura 23 ya yi maganar sarki mai adalci daga Dawuda. Kusan shekara 600 ana jira. Mu muna murnar shekara 50. Su sun yi irin wannan fiye da sau goma ba tare da sun ga sarki daga gidan Dawuda ba.

3. WAƊANDA KE CIKIN JERIN

Matiyu ya kasa sunayen kashi 3, kowanne tsara 14: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa bauta a Babila, daga nan zuwa Almasihu. Ya tsallake waɗansu sarakuna don tsarin ya fito. Malamai da yawa sun lura cewa in aka lissafta haruffan sunan Dawuda da Ibrananci, 4 da 6 da 4, sai su ba da 14. Luka sura 3 ya bi ta wurin Natan ɗan Dawuda, Matiyu kuwa ta wurin Sulemanu. Waɗansu malamai sun ce Matiyu ya bi layin gadon sarauta, Luka ya bi na jini. Waɗansu sun ce Luka ya ba da asalin Maryamu ne. Hanyoyin biyu dai a kan Dawuda suka haɗu.

Ga abin da nake so ku riƙe. Matiyu ya sa mata huɗu kafin Maryamu: Tamar, Rahab, Rut, da matar Uriya. Rahab Bakan'aniya ce, karuwa a Yariko. Rut baƙuwa ce daga Mowab, gwauruwa mai kala a gonar Bo'aza, ita ce kuwa ta haifi kakan Dawuda. Ambaton Uriya yana tuna mana da zunubin Dawuda kansa. Manassa ma yana ciki, wanda ya yi shekara 55 a kan gado, ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. Maroƙin fada zai ɓoye irin waɗannan sunaye. Allah bai ɓoye su ba.

4. IRIN SARKIN DA YA ZO

Lokacin da aka haifi Yesu, Hirudus ne a kan mulki, mutumin Idumiya wanda Romawa suka naɗa. Magajin gidan Dawuda kuwa, Yusufu, masassaƙi ne a Nazarat. Hadayar da suka kai Haikali ta tsuntsaye biyu ce, irin wadda Shari'a ta yardar wa matalauta. Makaho mai bara a Yariko, Bartimawas, shi ya kira Yesu Ɗan Dawuda a bainar jama'a. Ya shiga Urushalima a kan jaki, kamar yadda Zakariya sura 9 ya nuna, aka kuma rubuta sarautarsa a kan gicciye. Yahudawa da yawa ba su karɓe shi ba, masu bin addinin Yahudanci kuma har yau ba su ɗauke shi Almasihu ba. Mu mun gaskata abin da Bitrus ya yi wa'azi a Ayyukan Manzanni sura 2: Dawuda ya mutu an binne shi, amma Allah ya tā da Yesu ya zaunar da shi a kan gadon da ba ya ƙarewa.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, bari in faɗi gaskiya cikin ƙauna. A shekarun hidimata na ga an hana aure tsakanin masu bi biyu saboda kabila. Na ga an ƙi zaɓen mutumin kirki ya zama dattijo don an ce kakansa bawa ne, ko baƙo ne a garin. Na ji ana cewa, iyayenmu ne suka gina majami'ar nan. In Ubangijinmu bai ji kunyar Rahab da Rut a asalinsa ba, wa ya ba mu ikon rufe ƙofa? Ku kuma 'ya'yan waɗanda suka kafa wannan wuri, kyan ɗa ya gaji ubansa, amma bangaskiya ba gona ba ce da za a raba a gado. Manassa ɗan Hezekiya ne, sarki mai tsoron Allah.

Ku da kuka binne 'ya'ya, ko kuka rasa gida da dukiya, kuna tambaya ina alkawarin Allah, ku tuna da kututturen Yesse.

A Littafin Firistoci sura 25, shekara ta 50 ita ce shekarar da ake busa ƙaho, a saki bayi, kowa ya koma gadonsa da danginsa. To, kafin mu ci abincin bikin nan, duk wanda ya raina ɗan'uwansa saboda asali ya je ya nemi gafararsa. Wanda ya bar zumunta don an raina shi, ya dawo gida, wurinsa yana nan.

Allah na Ibrahim da Dawuda ya riƙe wannan ikkilisiya har ranar zuwan Sarki. Amin.