Murɗewar Ɗan Maraina Ba Ta Jiran Gobe



Ɗan marainan yaro ko saurayi yakan murɗe, jini ya daina shiga. Alamarsa ciwo mai tsanani farat ɗaya, da kumburi, har da amai.

Likita yana warware shi da tiyata. Amma jinin da ya dawo bayan dogon jinkiri shi ma yana ɓata naman wurin, kamar ruwa mai ƙarfi a kan shukar da fari ya galabaitar.

Cikin awa 6 galibi ana ceto shi. Bayan awa 24, da wuya.

Iyaye, ku gaya wa yara kada kunya ta sa su ɓoye. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya Babban Asibitin Kazaure, ko da tsakar dare ne.

Allah Ya kare mana zuri'a.