Gona Ɗaya, Ƙasa Iri-iri



Maganar taki ce ta tara mu yau. Tun 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, taki ya yi tsadar da yawancinmu ba ma iya sayen buhunan da muka saba. Duk da haka, ɗan abin da muka samu watsa shi muke yi bai ɗaya, sai ka ce ƙasar gonar iri ɗaya ce. Mu ma a gonar ikilisiya haka muka yi shekara da shekaru. Gefen jigawa ruwa ya wanke takin, gefen laka kuwa masara ta yi ta ganye.

A Amurka, tun cikin shekarun 1990, manyan manoma suna da injin girbi mai auna amfanin kowane yanki na gona, tauraron ɗan'adam yana nuna masa inda yake. Da wannan lissafi tarakta ke ƙara taki a nan, ta rage a can. Mu ba mu da irin wannan inji, amma muna da ƙafa da ido, kuma kakanninmu sun san karatun ƙasa. Ku dubi dawar da ke gindin gawo. Gawo yakan zubar da ganye da damina, dabbobi kuma su sha inuwarsa da rani su bar kashi, shi ya sa wurin yake da ƙarfi. Haka tsohon suri, haka inda shanu suka kwana. Inda kuwa kuka ga wuta-wuta ta yi fure ta mamaye, ƙasar nan ta gaji, kuma takin gargajiya take nema kafin na zamani.

Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai, sun gwada wata dabara a gonakin gero: a sa takin NPK wajen giram 6, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, a kowane rami lokacin shuka. In hekta tana da rami 10,000, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ɗori. Sai dai a kula, kada takin ya taɓa iri, don yana ƙona shi in ruwa ya yi ƙaranci. Aikin yana cin baya, ba za mu ɓoye muku ba, gara a haɗa gayya.

Don haka muna roƙon kowane magidanci, kafin girbin bana, ya zaga gonarsa da ɗansa mai karatu. Su kafa turke inda amfani ya yi kyau da inda ya kasa, yaron ya zana a takarda. Takin turke da na bola, a fara kai su wuraren da suka kasa tun da rani. Gonakin gwauraye mata kuwa, matasa za su zaga musu, dattawa su tsara ranakun bayan sujada.